Daga cikin uwa zuwa furfura: tarihin wani bincike

A al'adarmu, lissafin rayuwar mutum daga ranar suna yake farawa. Ranar ce ake yanka rago, a raɗa wa jariri suna, dangi da maƙwabta su san da zamansa. Watanni tara da ya yi a ciki kuwa ba su shiga lissafi. Likitocin Turai ma sun daɗe a kan ra'ayi mai kama da wannan. Har tsakiyar ƙarni na 20, da yawansu suna ɗaukar ɗan tayi kamar kaska, wato yana tsotsar abin da yake bukata daga jikin uwa, ko ta ƙoshi ko ba ta ƙoshi ba. Cututtukan manya kuma, irin su ciwon zuciya da hawan jini da ciwon sukari, ana jingina su ga gado ko ga irin rayuwar da mutum ya yi bayan ya girma.

A yau an san cewa halin da jikin uwa yake ciki a lokacin da take ɗauke da juna biyu, wato abin da take samu ta ci da yadda jininta yake sarrafa sukari, yana barin sawu a jikin ɗanta, sawun da kan bayyana bayan shekara arba'in ko hamsin. Yaƙi da yunwa ne suka fara bayyana wannan sani, kuma littattafan da ungozomomi suka cika da hannunsu ne suka tabbatar da shi. Tarihin nan ne muke so mu bi, domin a ƙarshensa akwai abin da ya shafi gidajenmu.

Sanyin yunwa a Holan

A watan Satumba na 1944, lokacin da sojojin ƙawance suke ƙoƙarin kutsawa cikin ƙasar Holan da Jamus ta mamaye, gwamnatin Holan da ke gudun hijira a Landan ta umarci ma'aikatan jirgin ƙasa su shiga yajin aiki don a hana Jamusawa jigilar dakaru. Jamusawa suka rama ta hanyar hana shigar da abinci yammacin ƙasar, inda manyan birane irin su Amsterdam da Rotterdam suke. A farkon Nuwamba sun sassauta, sun yarda a kawo abinci ta ruwa, sai dai hunturu ya zo da tsanani, magudanan da jiragen ruwa ke bi suka daskare.

Mutum wajen miliyan 4 da rabi suka faɗa cikin yunwa. Abincin da hukuma take rabawa ya yi ta raguwa, har tsakanin Disamba 1944 da Afrilu 1945 rabon babban mutum ya koma tsakanin kalori 400 da 800 a yini, alhali mace mai ciki tana bukatar fiye da 2000. Mutane suka koma cin beterab da ake tatsar sukari daga gare shi, da saiwar furen tulip mai kama da albasa. Kimanin mutum dubu 20 suka mutu kafin a ƴantar da yankin a ranar 5 ga Mayu 1945. Cikin ƴan makonni abinci ya dawo.

Abubuwa uku suka bambanta wannan yunwa da sauran. Ta faɗa wa mutanen da a da suke cikin ƙoshi. An san lokacin da ta fara da lokacin da ta ƙare. Sa'an nan asibitoci ba su daina rubutu ba ko a tsakiyar wahala. Ungozomomi sun ci gaba da auna mata da jarirai suna rubutawa. Saboda haka daga baya ana iya ɗaukar ranar haihuwar mutum a lissafa ko yunwar ta same shi a farkon ciki, ko a tsakiya, ko a ƙarshe.

Tun a 1947 wani likitan yara ɗan Amurka, Clement Smith, ya nuna cewa jariran da aka haifa a tsakiyar yunwar sun fito da ƙarancin nauyi. Wannan bai ba kowa mamaki ba, kuma an ɗauka maganar ta ƙare nan. Sai a shekarun 1970 wasu masana biyu, mata da miji, Zena Stein da Mervyn Susser, ƴan Afirka ta Kudu da suka baro ƙasarsu a zamanin wariyar launin fata, suka sake buɗe ta. Sun yi amfani da takardun gwajin da ake yi wa kowane saurayi ɗan Holan kafin aikin soja. Abin da suka fara nema shi ne ko yunwar ta rage wa yaran basira, kuma ba su ga alamar haka ba. Amma a 1976, tare da Gian-Paolo Ravelli, da suka duba nauyin samari dubu 300 masu shekara 19, sai suka ga waɗanda yunwar ta sama a rabin farko na ciki sun fi sauran yawan ƙiba mai yawa. Yaron da uwarsa ta sha yunwa tun yana gudan jini, shi ne ya tashi da teɓa. Babu wanda ya iya bayyana dalili a lokacin.

Littattafan Hertfordshire

Bayanin ya zo daga Ingila. A garin Southampton, wani likita mai suna David Barker da abokin aikinsa Clive Osmond suna zana taswirar cututtuka a Ingila da Wales. An saba cewa ciwon zuciya cutar masu wadata ce, amma taswirar ta nuna ya fi kisa a yankunan talakawa. A 1986 suka buga abin da suka gano: wuraren da jarirai suka fi mutuwa tsakanin 1921 da 1925, su ne wuraren da manya suka fi mutuwa da ciwon zuciya tsakanin 1968 da 1978. Wani likita ɗan Norwe, Anders Forsdahl, ya riga ya lura da irin wannan a ƙasarsa a 1977. Tunanin Barker shi ne, wahalar da ta kashe wasu jarirai ta bar rauni a jikin waɗanda suka tsira.

Taswira tana magana a kan yanki, ba ta magana a kan mutum ɗaya ɗaya. Barker yana bukatar nauyin haihuwar mutanen da suka riga suka tsufa, sai ya shiga neman tsofaffin takardu a faɗin ƙasar. Ya same su a gundumar Hertfordshire, albarkacin wata mata mai suna Ethel Margaret Burnside, wadda aka ɗora a kan aikin ungozomomin gundumar a farkon ƙarni na 20. Daga 1911 ta sa a riƙa auna kowane jariri ranar haihuwa, a sake auna shi idan ya cika shekara, a rubuta komai cikin manyan littattafai. Ita kanta a kan keke take zagaya ƙauyuka tana duba aikin. Ba ta san amfanin da za a yi da littattafan nan bayan shekara saba'in ba; aikinta kawai ta yi da kyau.

A 1989 Barker da abokan aikinsa suka bi sawun maza 5654 da aka haifa a can tsakanin 1911 da 1930. Waɗanda suka fi ƙanƙanta a haihuwa da kuma a shekara ɗaya, su suka fi mutuwa da ciwon zuciya. Tsakanin mafi ƙarancin nauyi a shekara ɗaya da mafi yawa, bambancin ya kusa ninki uku. Daga baya aka ga irin wannan alaƙa da hawan jini da ciwon sukari.

A 1992 Barker da Nicholas Hales suka ba da bayanin da ya shahara. Ɗan tayin da abinci bai isa gare shi sosai ba yakan yi tattali, kamar maigidan da ya ga rumbu ya yi ƙasa. Yakan fifita ƙwaƙwalwa, ya rage wa sauran gaɓoɓi rabonsu: tsoka, hanta, ƙoda, da gaɓar da ke samar da insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin jiki. Wasu daga cikin waɗannan ba a sake gina su. Misali, ƴan matatun da ke cikin ƙoda suna gama samuwa kafin haihuwa, kuma da adadin da mutum ya fito da shi zai rayu. Jikin da aka gina a kan tattali yana iya jure ƙarancin abinci. Matsalar tana zuwa ne idan daga baya ya haɗu da yalwar mai da sukari da zaman wuri ɗaya.

Masana da yawa sun yi jayayya da Barker. Sun ce ai wanda aka haifa cikin talauci cikin talauci yake girma, to ta yaya za a raba tasirin ciki da tasirin rayuwar da ta biyo baya? Tambayar tana da ƙarfi, kuma amsarta ta sa aka koma Holan.

Komawa Amsterdam

A asibitin Wilhelmina Gasthuis na Amsterdam an adana takardun jarirai 2414 da aka haifa tsakanin Nuwamba 1943 da Fabrairu 1947. A shekarun 1990 aka nemo waɗanda suke raye, suna da shekara hamsin, aka gwada su. Ana iya gwama wanda yunwar ta sama a ciki da wanda aka haifa kafin ta, ko wanda aka yi cikinsa bayan ta wuce, dukansu ƴan gari ɗaya, masu rayuwa iri ɗaya.

A 1998 aka nuna cewa waɗanda yunwar ta sama a tsakiyar ciki ko a ƙarshensa, jininsu bai iya sarrafa sukari kamar na sauran ba. A 2000 Tessa Roseboom da abokan aikinta suka nuna cewa cikin waɗanda ta sama a farkon ciki, kimanin kashi 9 cikin 100 suna da ciwon jijiyoyin zuciya, sauran kuwa kimanin kashi 3. Adadin mutanen ba shi da yawa, amma akwai abin lura: waɗannan jarirai da nauyinsu daidai aka haife su, domin abinci ya dawo kafin iyayensu mata su haihu. Ma'auni bai nuna komai ba, rauni kuwa yana ciki. A 2008 wani bincike ya gano cewa a jinin irin waɗannan mutane, bayan shekara sittin, alamun da ke kunna ko rage aikin wata ƙwayar gado mai kula da girma, IGF2, sun bambanta da na ƴan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya da yunwar ba ta sama ba. Rubutun gadon bai canza ba, yadda jiki yake karanta shi ne ya canza.

Ba ko'ina aka sami sakamako iri ɗaya ba. A birnin Leningrad, wanda Jamusawa suka yi wa ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, binciken da aka buga a 1997 bai ga alaƙa tsakanin yunwar ciki da matsalar sukari ba. Bayanin da wasu masana suka bayar shi ne, ƴaƴan Leningrad sun ci gaba da rayuwa cikin ƙarancin abinci shekaru da dama, ƴaƴan Holan kuwa sun fito daga yunwa sun faɗa cikin wadata. Idan haka ne, haɗarin ya fi girma inda ƙunci da yalwa suka biyo juna a rayuwar mutum ɗaya.

Idan sukari ya yi yawa

Yunwa rabin labarin ce. Ɗaya rabin shi ne uwar da sukari ya yi yawa a jininta. Tun a 1824 wani likita a Balin, Heinrich Bennewitz, ya bayyana wata mata da ciwon sukari ya kama a lokacin ciki, ta haifi ƙaton jariri ba rai. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, mace mai ciwon sukari da wuya ta yi ciki, in ta yi kuma da wuya ita da ɗan su tsira. A 1952 Jørgen Pedersen na Kopenhagen ya bayyana yadda abin yake faruwa. Sukarin uwa yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, insulin ɗinta kuwa ba ya ratsawa. Sai ɗan tayin ya ƙara samar da nasa insulin, wanda yake mayar da rarar sukarin kitse. Shi ya sa jaririn yakan fito da nauyin da ya wuce kilo 4, haihuwa ta yi wuya.

Abin da ke biyo baya an gan shi a wurin Pima, wata al'umma ta asalin mazauna Amurka da ke bakin kogin Gila a jihar Arizona. Manoman rani ne da suka yi ɗaruruwan shekaru suna shayar da gonakinsu daga kogin. A ƙarshen ƙarni na 19 baƙin da suka zauna a saman kogin suka karkatar da ruwan, gonaki suka bushe, yunwa ta shigo. Daga baya abincinsu ya koma fulawa da sukari da kitse. Lokacin da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fara bibiyarsu a 1965, ciwon sukari ya riga ya yi musu katutu, har ya kai kusan rabin waɗanda suka haura shekara 35 suna da shi.

A 1988 David Pettitt da abokan aikinsa suka duba matasa masu shekara 20 zuwa 24. Cikin waɗanda uwarsu take da ciwon sukari lokacin da take ɗauke da cikinsu, kashi 45 cikin 100 sun riga sun kamu. Cikin waɗanda uwarsu ta kamu bayan ta haife su, ƙasa da kashi 9 ne. Cikin waɗanda uwarsu ba ta kamu ba, bai kai kashi 2 ba. A 2000 Dana Dabelea ta gwama ƴaƴan uwa ɗaya: wanda aka haifa bayan uwar ta kamu ya fi wansa ko yayarsa haɗarin kamuwa fiye da ninki uku. Da aka yi irin wannan lissafi ta wajen uba, ba a ga bambanci ba. Ke nan ban da gado, zaman cikin kansa yana da nasa tasiri. Ƴar da aka haifa a haka takan kamu da wuri, ta yi ciki da ciwon, ta miƙa wa nata ƴaƴan. A 2008 wani babban bincike a kan mata fiye da dubu 23 a ƙasashe 9 ya ƙara nuna cewa ko sukarin uwa bai kai matsayin ciwo ba, gwargwadon hawansa gwargwadon ƙaruwar nauyi da insulin na jariri.

A nahiyarmu

A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, masu bincike sun fara rubuta haihuwa da mutuwa tun wajen 1950. Can ma, kamar nan, damina ita ce lokacin da rumbu yake ƙarewa, aikin gona yake ƙaruwa, zazzaɓin cizon sauro yake yawaita. A 1997 Sophie Moore da abokan aikinta suka nuna cewa waɗanda aka haifa a watannin yunwa sun fi sauran mutuwa a farkon balaga da ninki mai yawa, galibi da cututtuka masu yaɗuwa. Da aka maimaita binciken a Senegal da Bangaladash ba a sami haka ba, don haka ba doka ce ta ko'ina ba. Amma a wannan shekarar aka buga wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 28 na Gambiya, inda aka riƙa ba mata masu ciki biskit na gyaɗa da garin shinkafa da sukari da man gyaɗa. Nauyin jarirai ya ƙaru da giram 136 a tsawon shekara, da kimanin giram 200 a lokacin yunwa, kuma haihuwar jarirai ba rai ta ragu. Kayan haɗin nan babu wanda ba a samu a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram.

A Najeriya kuma, wani bincike da aka buga a 2010 ya gwada mutane fiye da 1300 a kasuwannin Inugu. Waɗanda yunwar yaƙin Biyafara, na 1967 zuwa 1970, ta sama a ciki ko a jarirta sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin yawan hawan jini da hawan sukari da ƙiba, suna da shekara wajen arba'in.

Abin da ya shafe mu

Ƙasarmu ta san yunwa da sunayenta. Kakanni sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974. An yi El Buhari a 1984 da 1985, an yi ta 2005. Waɗanda aka yi cikinsu a El Buhari sun kai arba'in, na 1973 sun haura hamsin. Da yawansu sun bar ƙauye, suna zaune a Yamai ko Tawa ko Maraɗi, sun bar fura da tuwon hatsi sun koma shinkafa da mai da shayi mai sukari, sun bar tafiyar ƙasa sun hau babur. Wannan shi ne ƙunci da yalwa a rayuwar mutum ɗaya, irin wanda tarihin Holan ya yi gargaɗi a kansa. Duk wanda yake cikin wannan tsara ya dace ya riƙa auna jininsa da sukarinsa tun bai ji ciwo ba.

Bai kamata a karanta wannan tarihi a ɗora wa mata laifi ba. Matan Amsterdam ba su rufe hanyar abinci ba, matan Pima ba su karkatar da kogi ba. Abin da ke shiga bakin mai ciki ya danganta da maigida, da uwar miji, da farashin tiya a kasuwa, da hukuma. Kuma abin da binciken yake nunawa ƙarin haɗari ne. Mafi yawan ƴaƴan yunwar Holan sun rayu sun tsufa.

Al'adarmu ta iya kula da mai jego. Akwai wankan jego, akwai kunun kanwa, akwai ƙauri, akwai goyon ciki da ake kai mace gidan iyayenta. Amma kusan duk wannan gata yana zuwa ne dab da haihuwa ko bayanta. Watannin farko kuwa, waɗanda a cikinsu ake ƙera zuciya da ƙwaƙwalwa, su ne watannin kunya da ɓoyo, musamman a cikin fari. Mace tana daka, tana ɗebo ruwa, tana noma a marka, ita ce ta ƙarshe a cin abinci, kuma ba ta zuwa awo sai ciki ya fito. A birni kuma, ƙaton jariri abin alfahari ne, ba a tambayar ko sukarin uwa ne ya hau, alhali ciwon sukarin ciki sau da yawa ba ya nuna alama sai an gwada jini, gwajin da aka saba yi tsakanin mako na 24 da na 28.

Nan ne malamai da ƙungiyoyin al'adu suke da aiki. Ƴan matan da ke zaune gabanmu a aji su ne iyayen gobe, samarin kuma su ne masu cefane. Wasan kwaikwayo da hira a rediyo suna iya faɗaɗa gatan mai jego ya soma tun daga watan farko, ba tare da an keta kunyar kowa ba. Sa'an nan akwai darasin Ethel Burnside. Littafin awon ciki da takardar da aka rubuta nauyin jariri a kanta tarihi ne, daidai da kowace tsohuwar takarda da muke alfahari da ita. A gidajenmu sau da yawa gara ce take cinye su, ko a ƙunshe ƙosai da su. A adana su cikin akwati tare da takardar haihuwa, domin wata rana likitan da zai duba yaron yana da furfura zai so ya san da kilo nawa ya zo duniya, da kuma a wane wata.